Tambaya: Mercedes 250D tana ƙugi daga gudun 70, kuma tana karkarwa a tsaye

Hamadu, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Motata Mercedes 250D ce, ƙirar W124 ta 1991, inji mai silinda biyar, giyar hannu. Agogonta ya haura kilomita 400,000. Aikinta zirga-zirga tsakanin Garwa da Marwa, wani lokaci har Ngaundare.

Matsala biyu ce ta dame ni. Ta farko, da na kai gudun 70 sai wani ƙugi ya taso daga ƙasa, kamar ana buga ganga daga nesa. Ya fi tsanani tsakanin 80 da 90, har madubin ciki ya riƙa rawa ba na ganin abin da ke bayana. Idan na wuce 100 yakan ɗan lafa. A kujera da tafin ƙafa nake jin sa, sitiyari kuwa bai cika motsi ba. Ta biyu, idan ina tsaye inji yana ralanti, wato yana kunne ban taka totur ba, duk jikin motar karkarwa yake yi, sandar giya na kaɗawa, amma da na ɗan taka totur sai ta natsu. Kwanan nan kuma idan na saki kuloci da ɗan sauri ina jin wani "gum" a ƙarƙashin kujerun baya.

An yi wa tayoyin gaba balansin sau biyu, an canza shokazoba na gaba, babu abin da ya sauya. Wani ya ce boris ne, wani ya ce pon (akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyin baya) ya mutu, wani ya ce sai an sauke famfon gazuwal (man dizal). Kafin in sake kashe ko sisi, ta ina zan fara?

Malam Isa, Marwa

Wa alaikumus salam, Malam Hamadu. Kada ka sayi komai tukuna. Duk abin da ke girgiza mota abu ne mai juyawa, kuma masu juyawar gida uku ne: inji, farfela (doguwar sandar da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa pon) da pon, sai tayoyi da boris ɗinsu, wanda a nan muke cewa rulma. Kowane gida da saurin juyinsa, shi ya sa muryarsu ta bambanta. Tayarka 195/65 R15 tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya, ka ga a gudun 80 tana juyawa wajen sau 11 a sakan guda. Wannan jiki zai iya ƙirga shi, girgiza ce kake ji, sitiyari ko kujera na kai da komo. Farfela kuwa tana ninka juyin taya sau uku da wani abu, wato kusan sau 40 a sakan. Wannan ya wuce ƙirga, sai ya zama ƙugi da zirrr a tafin ƙafa, shi ne kuma ke hana madubi tsayawa. Yadda ka kwatanta, hankalina ya fi karkata ga farfela, amma a gwada kafin a yanke.

Nemi wuri mai kwalta lafiyayye, miƙaƙƙe, da sassafe kafin manyan motoci su cika hanya. Kashe rediyo, rufe gilasai. Kai gudun 85 a giya ta biyar, ka saurara. Sauko ta huɗu ka riƙe 85 ɗin nan daidai. Inji ya ƙara juyi, tayoyi da farfela ba su ƙara ba. Idan ƙugin ya canza murya ko ya koma wani gudun, daga inji ne ko salansa. Idan yana nan yadda yake, bin gudun mota yake yi. Daga nan sa giya a firi, ɗaga ƙafa, ka bar ta ta gangara da kanta daga 95 zuwa 60, inji na kunne. Kada ka kashe inji, birki da sitiyari za su yi tauri. Duk ƙarar da ta saura a wannan hali ba ta inji ba ce.

Sai gwajin boris. A gudun 60, in hanya babu kowa, karkata sitiyari kaɗan hagu, kaɗan dama, a hankali. Idan ka karkata hagu nauyi yana komawa dama, to in ƙarar ta ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne, haka kuma akasinsa. Na ce galibi domin na baya a wannan motar mai layi biyu ne, yakan ruɗar da mutum. Don haka a tabbatar a gareji: ɗaga tayar, ɗora hannu ɗaya a kan sifirin, ka juya tayar da ɗayan. Boris da ya ci kansa za ka ji gurzarsa a sifirin kamar ana niƙa tsakuwa. Na gaba ana iya wanke shi a sa sabon giris a daidaita shi da notinsa, wasan da ake bar masa 0.01 zuwa 0.02 na milimita ne, wato hannu ba ya jin sa. Mutane da yawa suna ɗaure shi tam, ya yi zafi ya ƙone kafin a kai Figil, garin da ke tsakanin Garwa da Marwa. Na baya ba a daidaita shi, sai dai a fitar a matsa sabo da injin matsi. Wanda aka buga da guduma ba ya daɗewa.

Pon kuwa muryarsa daban ce. Kuka yake yi siriri, wuuu, kuma yana bin ƙafarka: ka taka totur ya yi, ka ɗaga ya yi shiru, ko akasin haka. Abin da ka kwatanta bai yi kama da shi ba. Duk da haka duba mansa, don ba ya cin kuɗi. Fara kwance murfin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa na ƙasa, dukansu da maɓalli mai kusurwa shida na milimita 14. Dalili shi ne in ka tsiyaye man sannan na sama ya ƙi kwantuwa, motar ta zauna ke nan. Man ya kai bakin ramin. Idan ka canza, sa man pon mai lamba 90 ko 85W-90 na ajin GL-5, ka duba tsohon a rana ko akwai ƙyallin ƙarfe a ciki.

Yi waɗannan ka dawo mana da abin da ka ji.

Abakar, Njamena

Sannu Malam Hamadu. Malam Isa ya gama da na tafiya, bari in taɓa na tsaye, don ina ganin cuta biyu ce a motar, ko da yake ɗaya na iya haifar ɗaya.

Injin gazuwal dole ya yi motsi a ralanti, matsinsa ya ninka na fetur. Aikin sipor ɗin inji, wato matashin roba da inji ke zaune a kai, shi ne ya shanye wannan motsi kada ya shiga jikin mota. A W124 sipor biyu na gaba ba roba zalla ba ne, akwai ruwa a cikinsu. Da shekaru, ga zafinmu na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, ga baƙin mai da gazuwal na ɗiga a kansu, sai robar ta tsage, ruwan ya tsiyaye, inji ya zauna ƙarfe kan ƙarfe. Alamarsa ita ce wadda ka faɗa: karkarwa a ralanti, ka ɗan ba ta wuta ta lafa. Sau da yawa za ka ga baƙin tabo ya gangaro daga jikin sipor ɗin ya bushe.

Gwajinsa ba wuya. Inji na ralanti, birkin ajiya a ɗaure, giya a firi. Sa jak a ƙarƙashin tukunyar baƙin mai, da faffaɗan katako a tsakani, domin tukunyar alminiyam ce, tana fashewa. Ɗaga kamar santimita 1 kawai, don dai nauyin ya bar sipor. Wani ya zauna a ciki. Idan karkarwar ta ɓace ko ta ragu sosai, ka sami ɓarawon. A canza biyun tare, a haɗa da na ƙarƙashin akwatin giya. Sabo ɗaya da tsoho ɗaya karkatar da inji suke yi. Kuma ka ajiye sabon kusa da tsohon ka ga bambancin tsawo da idonka. Akwai masu arha a kasuwa da roba ce dunƙule babu ruwa ciki, za su ɗaga inji amma karkarwar ba za ta tafi duka ba.

Idan an ɗaga inji kuma har yanzu yana tangaɗi, kamar mai ɗingishi, to silinda ɗaya ba ta aiki daidai. Ralantin wannan inji wajen juyi 700 ne a minti, in ya yi ƙasa da haka ma zai girgiza. Don gano silindar, sassauta notin bututun gazuwal a kan injekta ɗaya bayan ɗaya, rabin juyi, da tsumma a rufe. Kada ka kai yatsa wurin, gazuwal mai matsi yana huda fata, kuma raunin ba na wasa ba ne. Kowace ka sassauta, inji ya kamata ya ƙara tangaɗi. Wadda ka sassauta bai damu ba, ita ce ba ta aiki tun farko. A fitar da injektocin a kai wurin mai na'urar gwaji. Na injin da ba turbo suna buɗewa a matsin wajen bar 115, kuma feshin ya fita kamar hazo, ba ɗigo ba. Duk lokacin da aka cire injekta a sa sabon ƙaramin faifan kare zafi da ke ƙarƙashinta, tsohon ba ya sake rufewa. In injekta lafiya, a auna matsin silinda: mai lafiya yana tsakanin bar 26 da 32, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 3.

Kafin wannan duka, abu biyu masu sauƙi. Duba bututun roba mai haske da ke zuwa famfo ko kumfar iska na wucewa, ka kuma duba saman famfon inda bututan ƙarfe biyar suka fito ko yana jiƙe, domin ƙananan zoben roba na wurin suna bushewa. Sannan matatun gazuwal guda biyu, ƙaramar ta roba da babbar. Mai shan gazuwal na jarka a bakin hanya ya riƙa canza su da wuri, ruwa da ƙasa ba sa rasa shiga. Ba a sauke famfo sai an gama da waɗannan. Kuma kada wani ya ce zai daidaita maka bawul, na wannan injin da matsin mai suke daidaita kansu. Tsofaffin 240D da 300D na W123 ne ake yi wa haka da sifana.

Wani abu da ake mantawa: akwai ɗan ƙaramin shokazoba a jikin abin da ke ɗame bel a gaban inji. In robobin kansa suka cinye, yana kaf-kaf-kaf a ralanti har a zaci inji ne ya lalace. Danna shi da doguwar sukudireba, ka yi nesa da fanka, in ƙarar ta tsaya shi ne.

Sani mai faci, Ngaundare

Ranku ya daɗe manya. Ni dai ta wajen taya zan yi magana, don an ce an yi balansin na gaba kawai, alhali shi a kujera yake jin abin. Girgizar sitiyari ta gaba ce, ta kujera ta baya ce. To na bayan fa?

Balansin ma ba ya gyara tayar da ta kumbura. Na'ura za ta nuna sifili, taya kuwa ƙwai ce. Yawancin tayoyin da muke samu na hannu ne daga Turai, sun riga sun tsufa kafin su iso, kwalta mai zafi da ramukan hanyar Mora zuwa Kusiri su ƙarasa su, wayar ciki ta rabu da roba. Duba gefen taya bayan rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara. 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Ɗaga kowace taya, ajiye bulo ko gwangwani dab da ita, ka juya a hankali kana kallon tazarar. In tana matsowa tana ja da baya fiye da milimita 2, ko zanen yana lanƙwasa kamar maciji, tayar ta gama. Ka yi wa bakin janti, wato ƙarfen da taya ke kai, haka, ciki da waje, na ciki ne ya fi lanƙwashewa ba a gani. Shafa tafin hannu a kan zanen gaba da baya. In santsi ta ɗaya gefen, kaifi ta ɗayan kamar haƙoran zarto, wannan tayar za ta yi ƙugi sak irin na boris. Bambancinsu, ƙugin taya yana canzawa da irin kwalta, na boris ba ruwansa.

Da damina kuma a leƙa cikin janti, busasshen taɓo kaɗan ya isa ya ɓata balansin. Hanya mafi sauri, mai da na gaba baya, na baya gaba, ka sake bin hanyar. In abin ya dawo sitiyari, taya ce. Notin ƙafa a ɗaure su a gicciye, awon ƙarfin ɗaurinsu 110 Nm.

Hamadu, Garwa

Allah ya saka muku da alheri. Na yi duk gwajin a hanyar Pitowa. A giya ta huɗu da ta biyar ƙugin ɗaya ne a gudun 85. A firi yana nan, sai dai ya ɗan yi sauƙi. Karkata hagu da dama bai canza shi ba, sauya tayoyi ma haka, ko da yake mun sami ɗaya ta baya ta 2014 na canza ta. Ya fi muni idan na taka totur sosai daga 60 a giya ta biyar. Man pon ya cika, babu ƙarfe a ciki.

Da muka sa jak a ƙarƙashin inji karkarwar tsaye ta kusa ɓacewa gaba ɗaya, kuma sipor na dama duk baƙin tabo ne. Injekta biyar ɗin kowace aka sassauta inji ya amsa. A rami mun ga faifan roba na gaban farfela ya tsattsage har zare na leƙowa. Tsakiyar farfelar ba ta ganuwa saboda farantin kare zafi, amma da aka tura ta da hannu ta yi sama da ƙasa sosai. Malam Isa, me za a saya, kuma me zan sa wa ido lokacin aikin?

Malam Isa, Marwa

Madalla, yanzu magana ta fito. Yadda abin ke faruwa, sipor suka zauna, inji da akwatin giya suka sauka daga inda aka tsara su, farfela ta riƙa aiki a karkace. Faifan roba, wanda ake kira fulekto, shi ya sha wahalar har ya tsage, shi ne "gum" ɗin da kake ji. Robar da ke riƙe boris na tsakiya ita ma ta yage, farfela ta sami wurin yin bulala, shi ne ƙugin. Saboda haka a fara da sipor uku kamar yadda Abakar ya ce. In aka sa sabon fulekto a kan matattun sipor, ba zai yi nisa ba.

Abin saye: sipor na inji biyu da na giya ɗaya, fulekto na gaba da na baya da sababbin notinsu, boris na tsakiya da gidansa na roba, da robar kare ƙura ta wurin da farfela ke zamewa. Je da lambar jikin mota ko da tsohon a hannu, fulekto girma-girma ne. Faifan da zare ya fito masa kada a yi doguwar tafiya da shi. In ya tsinke ana gudu, kan farfela yana dukan ƙasan mota, yana iya fasa akwatin giya.

Wajen aikin, a yi shi a rami ko a kan ƙafafun ƙarfe, ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. A sauke salansa daga robobinta, a cire farantin kare zafi. Abu mafi muhimmanci duka: farfelar nan gida biyu ce, kuma a haɗe aka yi mata balansin a masana'anta. Kafin a zare ta, a ja layi da fenti ko a buga alama a kan gidajen biyu, da kuma inda kowane kai ya haɗu da giya da pon. In aka mayar da ita haƙori ɗaya a kauce, za ka fita da sababbin kaya da ƙugin da ya fi na da. Tsaya a kansu har ka ga an yi alamar da idonka. A lura da fuskar da tsohon fulekto ke kallo, wasu suna da rubutun da ke nuna gefen farfela.

Da ta sauko a duba abu biyu. Na ɗaya, gicciyen tsakiya, wato gaɓar da farfela ke lanƙwasawa: a lanƙwasa shi ta kowane gefe, ya tafi sumul. In yana da wasa, ko yana maƙalewa a wuri ɗaya kamar akwai rami, sabon boris ba zai kashe ƙugin duka ba. Shi kuma a wannan motar dasa shi aka yi, ba a yi shi don a riƙa canzawa ba, ya fi sauƙi a nemi wata farfelar ta hannu mai lafiya, gidajenta biyu tare. Na biyu, a kowane kan farfela akwai ɗan bushi da ke shiga kan sandar da ke fitowa daga akwatin giya da ta pon, shi ke tsayar da ita a tsakiya. In bakinsa ya faɗaɗa a canza, a sa masa ɗan giris. Sabon boris a matsa shi ta zoben ciki, ba ta na waje ba.

Wajen mayarwa, kada a ɗaure notin gidan boris na tsakiya tam, haka babban notin wurin zamewa in irin taka tana da shi. A bar su sako-sako, a sauke motar kan tayoyinta, a tura ta gaba da baya sau biyu ko uku don farfela ta nemi tsawonta, sannan a ɗaure. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a ja, ta sake yagewa.

Salansa ita ce ta ƙarshe. Sabon sipor zai ɗaga inji sama, bututun da ya saba da zaman ƙasa zai shiga matsi. A sassauta maƙalarsa ta jikin akwatin giya, a girgiza shi ya zauna da kansa, a ɗaure, a canza robobin rataya da suka tsage. A tabbata yatsa na wucewa tsakanin bututun da jikin mota ko'ina. In ya taɓa, za ka ji wani sabon ƙugi, amma shi wannan zai bi juyin inji, zai canza tsakanin giya ta huɗu da ta biyar. Bayan an gama koma hanyar Pitowa, wuri ɗaya, gudu ɗaya, ka maimaita gwajin firi daga 95 zuwa 60. In da sauran wata ƙara da babbar ta rufe a da, a nan za ta fito, sai ka faɗa mana a wane gudu ta fara.